Ƙal'ar Marid: riyal 950, direba mai gaggawa, da tsohon maginin da ya karanta mana bango

Tun ina islamiyya a Kano nake jin sunan Dumatul Jandal. A haddace muke zubo shi cikin jerin yaƙoƙi, bayan Badar da Uhudu, kafin Handaƙ, malam na tsaye da dorina. Amma ko da wasa ban taɓa kawowa a raina cewa gari ne mai gidan mai da shagon shayi, wanda mutum zai yanki tikiti ya je ya kwana ya dawo ba. Sai da na shekara takwas ina aikin jinya a Jidda, rannan wata abokiyar aikina 'yar Sakaka, babban birnin yankin Jauf a arewacin Saudiyya, ta miƙo min wayarta a ɗakin hutu, ta nuna min hoton ƙal'ar Marid, wata tsohuwar kagara mai hasumiyoyi a kan dutse, ta ce, “Wannan a garin kakata yake, Duma.” Na ce wace Dumar? Ta yi dariya ta ce ai guda ɗaya ce.

Da na samu hutun kwana huɗu a watan Janairu sai na kira Kawu a Makka. Yayan mahaifiyata ne, shekararsa 74. Ya zo aikin hajji a 1976 ya yi zamansa, ya yi aikin birkila har gwiwa ta ce masa ya isa haka. Kafin ya baro gida kuwa ginin ƙasa ya gada, na tubali da azara, a gindin Dala. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, “Uwata” yake cewa. Na ce, “Kawu, za ku raka ni garin Ukaidir, tsohon sarkin Duma?” Ya ce, “Uwata, in dai akwai tsohon bango a can, ki sayo tikiti.” Na ukunmu yaron nan ne, ɗan farina mai shekara 11, wanda ya yarda ya biyo mu don kawai an ce za a hau jirgi.

A kan hidimar da na saya zan yi magana, don na san akwai 'yan uwa a Jidda da Makka da Riyad masu son fita da iyali, sai dai ba su san hannun wa za su damƙa kuɗinsu ba. Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ne a Sakaka. A Instagram na gan su, muka ƙarasa ciniki ta WhatsApp. Ba zan kama suna ba. Irinsu suna da yawa, kuma ina zaton halinsu ba ya nisa da juna. Abin da muka yi da su: riyal 950 mu uku, yini guda. Babbar mota da direba, murshid mai jin Turanci, wato mai jagora da bayani, a ɗauke mu a otal ƙarfe 8 na safe, a fara da Duma tun rana ba ta ɗaga ba, a ci abincin rana, a dawo ta tsoffin duwatsun Rajajil, a rufe da ƙal'ar Za'abal a Sakaka a ga faɗuwar rana daga sama. Na tura rabin kuɗin kafin alƙalami.

Ƙarfe 8 muna zaune a falon otal. Sanyin Jauf ba abin wasa ba ne, musamman ga wanda jikinsa ya saba da Jidda, inda ko a tsakiyar hunturu sai an kunna na'urar sanyaya ɗaki. Kawu ya naɗe kansa da shimag har ido kawai ake gani. Takwas da rabi na kira, aka ce “minti biyar.” Tara na kira, aka ce “yana ƙofa.” Tara da minti ashirin ya iso, kuma abin da ya zo da shi ba babbar motar da aka turo min hotonta ba ce, wata 'yar ƙarama ce mai warin taba, wai babbar tana gareji. Ni da yaro babu damuwa. Amma mai ciwon gwiwa shiga ƙaramar mota wani aiki ne, fitarta ma wani aiki ne, kuma a ranar Kawu ya yi wannan aikin sau goma sha biyu. Na ƙirga, don a kowane karo ni nake riƙe masa sanda.

Direba ya juya tsarin ba tare da ya tambayi kowa ba: Rajajil farko, tunda tana kusa. Duwatsu ne dogaye da aka kakkafa tsaye rukuni-rukuni a fili, wasu sun karkace, wasu sun faɗi, an ƙiyasta sun kai shekara 6,000. Sun cancanci a tsaya a kalle su, amma minti goma sha biyar muka yi, babu mai bayani, don murshid ɗin yana can Duma yana jiranmu. Yaro ya ɗauki hoto, iska ta kore mu.

Daga Sakaka zuwa Duma tafiyar kamar minti 40 ce. Sha biyu saura muka isa, maimakon tara.

Ƙal'ar Marid tana bayyana tun kafin mota ta tsaya. Tudun dutse ne a saman tsohon gari, ginin ya hau kansa ya bi siffarsa, shi ya sa ba murabba'i ba ne, ya fi kama da ƙwai. Hasumiyoyi huɗu, masu faɗi a ƙasa suna tsukewa a sama. Launin ginin da na dutsen da yake kai ɗaya ne, har sai ka matso za ka gane inda halitta ta tsaya aikin hannu ya fara. Mutanen nan ƙal'a suke cewa, mu ma mazauna ƙasar haka muka saba. A gida kagara za a ce.

A gindin tudun muka sami murshid. Saurayi ne da bai wuce 25 ba, ɗan garin, sanye da farwa, babbar rigar sanyin nan mai gashin tunkiya a ciki da mutanen arewacin ƙasar ke sawa. Turancin da aka yi min alkawari bai wuce gaisuwa ba. Raina ya ɓaci, don Larabcina na asibiti ne: ina ke ciwo, buɗe baki, kwanta nan. Amma kafin in buɗe baki ya dubi Kawu yana makyarkyata, ya tuɓe farwarsa ya yafa masa, ya ce, “Ya ammi, sama ta fi nan iska.” Shi ke nan ya saye tsohon. Daga nan Kawu ya zama tafinta, da Larabcinsa na 'yan Makka, kuma bayanin ya iso kunnena da Hausa, wanda ya fi min Turancin da na biya. Duk da haka laifin kamfani yana nan. Da ni kaɗai na je da yaro, da na dawo da hotuna kawai.

Da sunaye ya fara. Jandal duwatsu ke nan, irin waɗanda aka gina garin da su. Marid kuma mai taurin kai, wanda ya ƙi miƙa wuya. Kawu ya ce, “Kamar aljani maridi,” saurayin ya ce tushen kalmar ɗaya ne. Larabawa suna da wani karin magana da suke jingina wa Zabba'u, sarauniyar Tadmur ta ƙarni na 3 wadda Turawa ke kira Zanubiya: wai ta kawo yaƙi nan ta kasa, ta je ƙal'ar Ablaƙ a Taima ta kasa, sai ta ce Marid ya yi tawaye, Ablaƙ ya buwaya. Yaron nan ya ce, “Mace ce ta ja runduna?” Na ce kai da aka haifa wa uwa Bahaushiya, ka manta da Amina ta Zazzau?

Hawan ba shi da tsawo, amma matakalar dutse ce, ba daidai take ba, wani wuri kuma ƙunci. Mai lafiya minti biyar ya ishe shi. Mu mun yi kusan rabin awa, kuma ba gwiwa ce kaɗai ta jawo ba. Kawu ya ƙi wuce bango.

Ya ba ni sandarsa, ya shimfiɗa tafin hannunsa a jikin ginin kamar likita na duba ciki. Ya bi layin duwatsu da yatsa, ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙasa, ya miƙe ya ɗaga kai. Sai ya ce, “Uwata, wannan ba hannu ɗaya ba ne. Zo ki gani.” Ya nuna min na ƙasa, duwatsu a jere kowanne ya danne mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa, yadda duk maginin kirki yake yi don kada tsaga ta sami hanya miƙaƙƙiya. Ya nuna inda dutse ya ƙare aka ci gaba da laka. Ya ce wanda ya yi na ƙasa yana da lokaci kuma yana da ma'aikata. Wanda ya ɗora na sama sauri yake yi, ko yaƙi na tafe ko an riga an rusa masa. Sannan ya ƙwanƙwasa wani sashe mai santsi da bayan yatsa ya ce, “Wannan kuma na jiya ne, gyaran hukuma.” Ya fassara wa murshid abin da ya faɗa. Saurayin ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce abin da masu tonon tarihi suka gano bai saɓa ba: an sami tukwanen zamanin Nabaɗawa da Rumawa na ƙarni na 1 da na 2 a ƙarƙashin ginin, aka yi ta rushewa ana sake ɗorawa har zuwa zamanin kakanninsa. A ƙarni na 19 sarakunan Ha'il na gidan Al Rashid sun buɗe mata wuta da igwa, a 1909 kuma Nawwaf al-Sha'alan na ƙabilar Ruwala ya yi mata ƙawanya ta watanni kafin ya karɓe ta. Kawu ya gyaɗa kai kamar an tabbatar masa da kuɗin da ya riga ya ƙirga.

Sai hira ta koma tsakanin magina, ko da yake ɗaya daga cikinsu bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Kawu ya tambayi da me ake cuɗa laka a nan, ya ba shi labarin yadda a Kano ake kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa kwanaki, a mulmula tubali mai kai kamar na ƙwai, a shanya, sannan a yi yaɓen makuba don ruwa. Ya nuna hasumiya ya ce dalilin tsukewarta ɗaya ne da na badalar Kano: ginin ƙasa in bai yi gindi ba, nauyin kansa ne zai kashe shi. Saurayin ya ciro waya yana rubutawa. A raina na ce to, wa ya kamata ya biya wani a nan?

A cikin farfajiyar akwai rijiya. Ita ce ta fi burge yaro, ita ce kuma ta fi komai muhimmanci, don kagarar da babu ruwa a cikinta kurkuku ce kawai mai jiran ranar buɗewa.

Sama iska ce kamar za ta ɗauke mutum. Ba banza ba aka kafa tashar lantarki ta iska ta farko a ƙasar nan, mai megawat 400, a wajen wannan gari. Amma daga can ne na fahimci abin da shekara da shekaru na hadda ba su fahimtar da ni ba. Ga gonakin dabino kore shar a kwance a ƙasa, ga rufin tsohuwar unguwa, ga hasumiyar masallaci kamar ka miƙa hannu ka taɓa, sannan bayan wannan duka sai fili fetal har iyakar gani. Kudu rairayin Nafud ne. Arewa maso yamma Wadi Sirhan ne, hanyar Sham. Gabas kuma hanyar Iraƙi. Duk ayarin da ya fito daga ɗaya zai shiga ɗaya, dole ya sha ruwa a nan, kuma wanda ke zaune a kan wannan dutse yana ganin ƙurarsa tun daga nesa. Shi ya sa kowa ya so ta. Assuriyawa sun rubuta sunanta Adummatu tun ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna kiranta kagarar Larabawa. A jahiliyya nan ake cin ɗaya daga manyan kasuwannin shekara, a watan Rabi'ul Awwal. Gunkin nan Waddu da aka ambata a Suratu Nuh, ruwayar Ibn Abbas ta ce na ƙabilar Kalb ne a Dumatul Jandal. Malaman sira sun ce tsakaninta da Madina tafiyar kwana 15 ko 16 ce, tsakaninta da Dimashƙa kwana 5. A shekara ta 5 bayan hijira Annabi (SAW) ya fito da mutum 1,000 ya nufo nan, suna tafiya da dare suna ɓuya da rana, ba a gwabza ba. A ta 6 ya aiko Abdurrahman bin Auf (RA), shugaban Kalb ya musulunta, Abdurrahman ya auri 'yarsa Tumadir. Ni da na zo a jirgi cikin ƙasa da awa biyu ina ƙorafin direba ya makara, sai na ɗan ji kunya. Ɗan kaɗan dai, don riyal 950 ba a ƙasa na tsince su ba.

Labarin da na zo dominsa shi ne na Ukaidir, kuma a nan saurayin ya ci kuɗinsa halak malak. Bai karanto shi kamar darasi ba. Ya zaunar da mu a inda iska ba ta bugu sosai, ya nuna wajen ƙofa da hannu, ya ce ku ɗauka dare ne na zafi, wata ya cika.

Shekara ta 9 bayan hijira, Annabi (SAW) yana Tabuka, ya aiki Khalid bin Walid (RA) da mahaya 420 zuwa ga Ukaidir bin Abdulmalik, Bakinde, Kirista, sarkin Duma. Ya ce masa zai same shi yana farautar shanun daji. To a wannan dare Ukaidir yana saman ƙal'arsa da matarsa suna shan iska, sai ga shanun daji sun zo suna goga ƙahonninsu a jikin ƙofa. Matar ta ce, ka taɓa ganin irin wannan? Ya ce a'a. Ta ce wa zai bar wannan ya wuce? Ya sa aka ɗaura wa doki sirdi, ya fita da ɗan'uwansa Hassan da 'yan rakiya kaɗan, suka faɗa hannun dawakin Khalid. Aka kashe Hassan, aka kama Ukaidir, aka kai shi wurin Annabi (SAW), aka yi sulhu a kan jiziya, aka sake shi ya koma garinsa. Kawu da ya zo kan shanun daji sai ya tsaya ya tambaya, saurayin ya nuna masa hoto a waya: farar dabba mai dogayen ƙahonni miƙaƙƙu. Kawu ya ce, “Af, ai 'yar uwar mariri ce.” Sannan ya ƙara nasa sharhin da babu shi a bakin murshid: “Kin gani, Uwata, bangon bai ci amanarsa ba. Shi ya buɗe ƙofa da hannunsa.”

Akwai ragowar labarin da na sani tun ina yarinya ban san a nan ya samo asali ba. Rigar alharini mai aikin zinariya da ta fito daga Duma ta isa hannun Annabi (SAW), sahabbai suka riƙa shafa ta suna mamakin laushinta, sai ya ce musu hankicin Sa'ad bin Mu'az a Aljanna ya fi wannan kyau. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Sau nawa na ji shi a wa'azi? Amma ji daban, zama a kan dutsen da rigar ta sauko daga kansa daban. Yaron nan, wanda tun safe yake tambayar yaushe za a ci abinci, ya yi tsit har aka gama.

A daidai nan direba ya fara danna hon daga ƙasa.

Sau uku. Sannan ya kira wayata ya ce lokaci ya ƙure, akwai sauran wurare. Na ce masa lokacin da ya ƙure ai a hannunsa ya ƙure tun ƙarfe 8. Murshid ya sunkuyar da kai. Na lura ba shi da ta cewa a kan direba, shi ma ɗaukarsa ake yi a biya shi na yini. Na ce ba za mu motsa ba sai mun yi azahar a masallacin Umar, wanda ya ga dama ya tafi da motarsa.

Masallacin yana gindin ƙal'ar, saukowa kaɗan. Mutanen gari suna jingina gininsa ga Sayyidina Umar bin Khaɗɗab (RA) a kan hanyarsa ta zuwa Baitul Maƙdis, wasu masana kuma suna cewa Umar bin Abdul'aziz ne. Saurayin ya faɗi duka biyun bai ɓoye ba, wannan ma na ba shi maki a kai. Ginin dutse da laka ne, rufin itace, babu ado, babu ƙyale-ƙyale. Hasumiyarsa ita ce abin kallo: murabba'i, ta haura mita 12, tana tsukewa tana hawa, kuma lungu ya ratsa ta ƙarƙashinta, mutum yana wucewa ta cikin gindinta. Kawu ya tsaya a wannan ƙofar ya ɗaga kai ya daɗe. Ya ce ta tuna masa da Gobarau ta Katsina, ba don sun yi kama sosai ba, sai don dukansu biyun an gina su ne ladan ya hau da ƙafarsa. Ya kuma duba itacen rufin masallacin ya ce da azara suka samu da sun buɗe tsakanin ginshiƙan fiye da haka. Daga nan muka shiga unguwar Dira'a, tsofaffin gidajen dutse da aka ƙaurace musu, lunguna ƙunci, wasu an rufe samansu. Saurayin ya nuna wata ƙofa ya ce a wannan layin aka haifi kakarsa. Minti goma muka samu a nan. Awa guda ta kamata.

Dalilin gaggawar direba ya fito fili bayan mun shiga mota. Maimakon gidan abinci, sai ga mu a ƙofar wani shagon man zaitun, wanda babu shi a yarjejeniya. Jauf ƙasar zaitun ce, miliyoyin itatuwa, kuma man yana da kyau, ban musa ba, har na sayi kwalba biyu. Amma yadda mai shagon ya tarbi direba da suna, da yadda suka keɓe a bayan kanta, ko makaho ya san akwai la'ada. Minti arba'in muka ɓata a nan, ninki huɗu na abin da aka ba mu a Dira'a. Wannan ya fi makarar safe ɓata min rai, don makara tana iya zama tsautsayi, wannan kuwa shiri ne.

Abincin rana kabsar kaza ce, irin wadda ake samu a kowace kusurwa a Jidda, ba yabo ba fallasa. Abin da zan tuna shi ne wanda babu a lissafi. Kafin mu rabu, murshid ya ruga gidansu ya dawo da wani ɗan kwano na bakila: dabinon Hilwa na Jauf da aka cuɗa da garin wani ƙwayar daji da suke kira samh, da man shanu. Kamanninta kamar dakuwa, sai dai babu yaji, zaƙinta kuma mai nauyi ne, da gahawa mai ɗaci take tafiya. Kawu da likita ya hana shi zaƙi ya ci loma uku a gabana, ni ma'aikaciyar jinya, na kau da kai. Ya cire farwar zai mayar, saurayin ya rantse sai ya riƙe ta har yamma, direba ya dawo masa da ita.

Za'abal kuwa daga ƙasa muka gan ta. Mun isa Sakaka rana ta riga ta faɗi, ana kiran magariba. Tana can a kan wani dogon dutse mai tsayi da matakala mai tsauri, kuma gaskiya ko da mun zo da wuri gwiwar Kawu ba za ta hau ba. Amma ni da yaro da mun hau, kuma faɗuwar ranar da aka sayar min ban gan ta ba.

Da dare na rubuta wa kamfanin komai dalla-dalla: makarar awa ɗaya da minti ashirin, motar da aka canza, Turancin da babu, shagon da ba mu nema ba, Za'abal da ba mu hau ba. Amsar farko addu'a ce da fure. Da na ce ragowar kuɗin ba za su fita ba sai mun daidaita, sai ga kira, aka rage riyal 200. Saboda haka kada wanda ya biya duka tun farko.

In za a tambaye ni, kada a sayi irin wannan haɗakar ta wuri biyar a yini ɗaya. Wanda ke da lasisi ya ɗauki hayar mota a filin jirgin Jauf ya tuƙa kansa, hanyar mai kyau ce. Ya kwana ya tashi da Duma, ya ba ta rabin yini cur, ya nemi murshid ɗan garin ya yi ciniki da shi kai tsaye, kuɗin su shiga aljihun wanda ya yi aikin. Za'abal da Rajajil a bar su sai washegari. A sa takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba. Mata masu doguwar abaya a tattare ta a matakala, na kusa faɗuwa sau biyu. Mai tsoho ya tambayi irin motar, a turo masa lambarta, ba hoto ba. Wanda Larabcinsa bai nuna ba ya tafi da wanda zai fassara masa, kuma ya sake karanta babin Tabuka kafin ya taso. In hunturu ne, rigar sanyin Jidda ba riga ba ce.

Na ƙara wa saurayin riyal 100 a hannunsa a ɓoye, ya ƙi karɓa sai da Kawu ya harare shi. Sun yi musayar lamba. Mako biyu bayan mun dawo, Kawu ya kira ni daga Makka, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, “Uwata, yaron nan na Duma ya turo min hoton wani bango da ya tsage a gonar babansa. Ki nuna min yadda ake aika murya a wayar nan, bayanin yana da tsawo.”